Finjalin da Yarima Ya Ajiye

Daga Allah muka zo, maigidana kuma ya riga mu komawa.

Labarin ya same ni da hantsi, ina ƙofar shagona a Sabon Garin Maraɗi ina ɗaure wa wata mata citta da kanumfari. Wani tsohon abokin aikina, mutumin Sudan, shi ya kira ni a talho daga can ƙasar Larabawa. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Yarima ya rasu," sai kuka ya ci ƙarfinsa. Matar ta dube ni ta ce, "Malam, lahiya?" Na ce mata ubana ne ya rasu. Ta yi mini gaisuwa, ta tafi ta bar cittar.

Na rufe shago na koma gida unguwar Zariya, na sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Matata ba ta tambaye ni dalili ba, ta shiga ta ɗora tukunya. Kafin la'asar yayana ya iso daga Jiratawa, taɓon garka bai ko bushe a ƙafarsa ba. Da ya ji wanda ya rasu sai ya zauna da ƙarfi.

"Ni na ɗauka cikin dangi ne," in ji shi. "Na baro ruwa na kwarara cikin albasa. To, Allah shi jiƙan Balarabe."

Maƙwabcina, wani Alhaji mai fataucin hatsi, ya zo ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya matso kusa da kunnena. "Wai da gaske ne kabarin nashi ko alama babu?" Na ce da gaske ne, haka suke yi, sarki da makiyayi duk ƙasa ce da ɗan dutse. Ya girgiza kai ya daɗe yana jan carbi.

Daga ƙarshe taubashina ya iso a kan kabu-kabunsa. Bagobiri ne na Tibiri, kuma jinin sarauta ne, ba ya barin kowa ya manta. Bai ko kashe mashin ba ya fara.

"Kai bawan Larabawa! Ga yarima na gida gabanka, ko buhu ba ka taɓa shimfiɗa mani ba."

Na ce, "In ka mutu sai in shimfiɗa."

"Sai na mutu? To mi ya yi, yariman naka, wanda ban yi ba? Ni ma hidimar jama'a nake, tun sahe daga tasha zuwa kasuwa."

Aka yi dariya, har da ni. Amma da jama'a suka watse tambayarsa ta zauna mini. Mutanen nan sun zo ne don ni, ba wanda ya san mamacin. In na mutu, a duk faɗin Maraɗi kusan ba mai iya faɗin abin da ya yi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ni ba mai ilimi ba ne, ko lakwal, makarantar boko, ban gama ba. Ina da surutu, ina da saurin fushi, ina kuma son a ce na san manya. Tun da na dawo gida na sha ƙara gishiri a labarin Yarima wajen mai shayi. Na taɓa cewa na shiga jirginsa, alhali ko kusa da jirgin ban taɓa zuwa ba. Allah ya yafe mini. A nan abin da na gani da idona kaɗai zan faɗa.

Ba zan ambaci sunansa ko na ƙasarsa ba, domin ƴaƴansa suna raye kuma ban nemi izininsu ba. Ƙanen sarki ne. Lokacin da sarkin ya rasu aka tsallake shi aka naɗa ɗan wan nasa. Ya je ya yi mubaya'a ga yaron da ya taɓa ɗauka a kafaɗa, washegari ya koma bakin aikinsa, wai akwai rijiyar da ake haƙawa yana son ya ga an kai ruwa. Gwamna ne na wani lardi cikin hamada, nesa da babban birni. Ya shiga aikin gemunsa baƙi, ya bar shi gemun ya yi fari fat. A zamaninsa aka ja ruwan famfo zuwa ƙauyuka, aka gina asibiti. Da aka buɗe makarantar ƴan mata dattawan gari suka ƙi, bai yi musu gardama ba. Ya riƙo hannun ƴarsa ya kai ta aji da kansa, ya tsaya a ƙofa inda kowa zai gan shi.

Kowace safiya majalisarsa a buɗe take. Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne makiyayi ya shigo yana warin raƙumi, ya kira shi da sunansa tsirara, ya zauna ya faɗi kukansa. Ni da na taso inda ake tuɓe takalmi a durƙusa, sai in ji kunya ta kama ni a madadinsu. Ba ya son ganin famfo yana ɗiga. Sai ya sa a tsayar da mota ya fita ya murɗe shi da hannunsa. Kuma ba waliyyi ba ne. Taurin kai gare shi, in ya ce a'a ba mai juya shi. In ka yi masa ƙarya sau ɗaya ba zai kore ka ba, zai dai daina duban idonka, kuma wannan ya fi kora ciwo.

Ni aikin hajji ya kai ni ƙasashen nan, na zauna neman abinci kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi. Da yake na taso cikin ban-ruwa a Jiratawa, sai na samu aiki a lambun dabinonsa. Bai taɓa riƙe sunana ba. Maraɗi yake kirana.

Ban daɗe da fara aiki ba aka yi abin da nake son in faɗa. Wani mutumin Tibiri, tsarana, yana yi wa wani tsohon Balarabe kiwon raƙuma a bayan gari. Faɗa ya haɗa shi da babban ɗan tsohon a wurin shayar da dabbobi. Ya ɗauki ƙarfe ya buga masa, saurayin ya mutu. Alƙali ya yanke hukuncin kisa. A can, in an yanke irin wannan hukunci, uban mamaci kaɗai ke da ikon yafewa. Sarki da kansa ba ya iya ɗagawa. Mutumin Tibiri yana kurkuku yana jiran ranar takobi, uwarsa kuma tana gida tana aiko da roƙo ta bakin alhazai.

Yarima ya tara manyan lardi da shugabannin ƙabilu da liman, za su je roƙon tsohon. Aka ce in bi su, tunda ni ɗan ƙasar mai laifin ne, ko za a tambayi wani abu game da danginsa. Aka ba ni farar riga. Ba wanda ya tuna ya gaya mini yadda ake yi.

Muka tarar da tsohon a zaurensa, siriri, idonsa ya faɗa. Aka zazzauna, ni ina can ƙarshe kusa da takalma. Wani daga cikin gidan ya zagaya da butar gahawa, yana zuba wa kowa ɗan kaɗan a finjali. Aka zo kaina aka miƙo. A wajenmu, in ka shiga gidan rasuwa aka ba ka abu, karɓa ake yi a sha a yi wa mamaci addu'a. Ƙin sha cin fuska ne. Ga ƙishirwa kuma. Na kurɓe nawa, na ce Allah ya jiƙan mamaci da ɗan guntun Larabcina, har da ɗaga murya don a ji ina da ladabi.

Sai na ji wurin ya yi tsit. Na duba, na ga kowa ya ajiye finjalinsa a ƙasa gabansa, ba wanda ya taɓa.

Abin da ban sani ba shi ne wannan. A al'adarsu, in baƙo ya zo da babbar buƙata, ajiye finjali yake yi bai sha ba. Nauyi ya hau kan mai gida ke nan, domin abin kunya ne gahawarsa ta huce a ƙasa, ballantana a gaban ƙanen sarki. Mafitarsa ita ce ya ce wa baƙo ya sha, buƙatarsa ta biya. Amma in ɗaya daga cikin masu roƙon ya sha, nauyin ya sauka. An karɓi gahawar gidan, ba sauran magana.

Tsohon ya nuna ni da haɓa. Ya ce wa Yarima, "Wannan naka ne?"

Babban ɗan Yarima yana zaune gefen ubansa. Na ji shi yana cewa a hankali, "Baba, ka ce ba namu ba ne. Lebura ne, baƙo ne, ba a lissafa shi."

Kowa a wurin ya san in ya faɗi haka, magana tana nan da ranta. Yarima ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Nawa ne. A motata ya zo."

Tsohon ya ce, "To, an sha gahawata. Ba ku da abin nema a gidan nan."

A mota ina gaba kusa da direba, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan ya kasa haƙuri.

"Kalma ɗaya ce fa, Baba. Ran mutum ka saki saboda mai ban-ruwa."

"Tsohon nan ya ga wanda ya fito daga motata," in ji Yarima. "In na yi masa ƙarya a kan ƙaramin abu, da wane baki zan roƙe shi babba?"

"To rijiyar da raƙumansa ke sha ta gwamnati ce. A hannunka take. A matsa masa kaɗan."

"An kashe masa ɗa, ni kuma in hana dabbobinsa ruwa? Kada in sake jin wannan a bakinka."

Aka yi tafiya mai nisa. Can sai Yarima ya ce, kamar da kansa yake, "Mun cika masa gida da manyan riguna, duk don wanda ya yi kisan muka je." Daga nan ya taɓo kafaɗata. "Maraɗi, gahawar ta yi daɗi?" Ya ce, "Tunda kana sonta haka, gobe ka bar lambu ka koma wurin masu dafa ta. Su koya maka yadda ake zubawa, da lokacin da ba a sha."

Haka na zama mai zuba gahawa a majalisarsa, aikin da na yi har na baro ƙasar.

Na je kurkuku wurin mutumin Tibiri da niyyar in ɓoye masa. Ashe labari ya riga ni. Yana ganina ta bayan ƙarfe ya ce, "Ɗan Jiratawa, an ce kai ka shanye ni." Shi yana dariya, ni ina kuka. Ya ce in daina, shi ya ɗauki ƙarfe ba ni ba. Maimakon in ɗauki laifina yadda ya ɗauki nasa, sai na shiga cikin ƴan Nijar da ke can ina cewa laifin Yarima ne, da Balarabe ne a kurkuku da tuni ya fitar da shi. Mutumin da ya ce ni nasa ne a gaban manyan ƙasarsa, shi nake ci da baki don in wanke kaina. Na tabbata maganar ta kai kunnensa, domin komai yana kaiwa. Bai taɓa yi mini zancen ba.

Bayan ɗan lokaci Yarima ya koma gidan tsohon. Ba manya, ba liman, daga shi sai direba sai ni. Tsohon ya zuba gahawa da kansa ya miƙa, yana kallon hannun Yarima ya ga ko zai ajiye. Yarima ya sha. Ya tambaye shi yadda ɗan nasa yake tun yana ƙarami. Tsohon bai amsa ba. Suka zauna har rana ta yi sanyi, muka tashi.

Sati ya zagayo muka sake komawa, haka kuma satin bayansa. A lokacin ciwon suga ya fara kumbura masa ƙafa, zaman ƙasa yana ba shi wuya, amma ya ƙi a kawo masa kujera. Wata rana tsohon ya tashi, ya kai shi garke ya nuna masa wata taguwa cikin raƙuman. Ta yaron ce, shi ya rene ta tun tana jaririya, tun da ya mutu ba ta yarda kowa ya tatse ta. Daga ranar bakinsa ya buɗe. Yaron yana tsoron allura. Yaron ya iya gane sawun kowane raƙumi na gidan. An riga an nema masa mata. Yarima yana saurare, yana shan gahawa, bai taɓa ambaton mutumin Tibiri ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina cizon yatsa, ina cewa a raina yaushe za a shiga magana.

Rani ya wuce, sanyi ya shigo ya fita. A babban birni har an fara yi masa dariya, wai gwamna ya koma abokin hirar makiyayi. Yarima ya ja lokacin zartar da hukuncin iyakar abin da doka ta ba shi. Daga ƙarshe umarni ya zo daga sama, aka sa ranar kisan bayan Sallah.

Da muka je a satin, tsohon ya ce, "Na ji an sa rana."

"An sa."

"Ba za ka ce komai ba?"

Yarima ya ce, "Na sha gahawarka. Ba ni da abin nema. Haƙƙinka ne, Allah ne ya ba ka."

Wallahi a ranar na tsani Yarima. Na ce a raina wannan mutum ya gama ɓata lokaci, ya bar ɗan'uwana ga takobi. A mota, famfon da muka wuce yana ɗiga ma bai gani ba.

Ranar ta matso sosai. Wata safiya majalisa ta cika, ina zagayawa da buta, sai ga tsohon ya shigo. Bai taɓa zuwa ba. Ya bi layi kamar kowa, ya gaisa, ya zauna. Na je gabansa, buta a hagu, finjali a dama, na zuba kaɗan yadda aka koya mini. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ne." Ya karɓa. Ya ajiye shi a kan darduma.

Duk majalisar ta gani. Ba wanda ya san abin da ya zo nema. Yana iya cewa a matso da ranar. Yana iya cewa a tsayar da shi kusa ya gani da idonsa. Ɗan Yarima ya sunkuyo yana cewa a fara jin buƙatar tukuna. Yarima bai ko waiwaye shi ba.

Ya ce, "Sha gahawarka. Abin da ka zo nema ka samu."

Tsohon ya daɗe yana kallon finjalin. Sannan ya ce, "Ka fitar da shi daga ƙasar nan. Kada in gan shi, kada uwar yaron ta gan shi. Ba na son diyya. Ba na son godiya, ba na son sunana a rediyo. Kada kowa ya zo gidana yi mini barka." Ya dubi Yarima ya ƙara da cewa, "Kai dai, in ƙafarka ta bar ka, ka ci gaba da zuwa."

Ya ɗauki finjalin ya sha. Ya miƙo mini in ƙara. Na zuba, rabi a finjali rabi a darduma. Yarima ya ce, "Ka yi masa haƙuri, ɗan koyo ne."

Aka sa mutumin Tibiri a jirgi ba ganga ba sanarwa, yadda tsohon ya nema. Yarima ya hana a yi zancen a gabansa. Ya ci gaba da zuwa gidan tsohon duk sati har na baro ƙasar, lokacin da sai an riƙe shi yake sauka daga mota. Ranar da na je sallama na durƙusa irin namu na ce ya yafe mini abin da na faɗa a kansa. Ya ce, "Tashi, Maraɗi, ba a yi mana haka a nan. In ka je ka gaishe da mutumin."

Mutumin yana Tibiri har yanzu. Tun da ya dawo ba ya shiga taro, ba ya riƙe talho, daga gida sai masallaci sai garkarsa ta zogale a bakin gulbi. Uwarsa ta gan shi kafin ta rasu. Ya yi aure, ya aurar da ƴaƴa. Na san ba wanda zai kai masa labarin in ba ni ba, don haka da aka tashi zaman makoki na tafi.

Na same shi tsugune yana gyara hanyar ruwa, wata jikarsa tana wasa da ƙasa a gefensa. Na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da tura taɓo da hannu har ruwan ya bi inda yake so. Sannan ya ce, "Uban yaron fa? Yana da rai?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "In yana da rai, yanzu wa zai riƙa zuwa mashi?"

Muka zauna muna kallon ruwa. Can ya miƙe ya ce in jira shi ya wanke hannu, ba zai roƙa musu Allah da taɓo ba. Ya wanke, ya wanke wa yarinyar nata, muka juya gabas mu uku. Ya fara da saurayin da ya kashe, ya bi da uban saurayin, sannan Yarima.

Ya Allah, bawanka ya zo maka ba rakiya. Ka karɓe shi yadda yake karɓar wanda ya shigo majalisarsa. Ka yalwata masa kabarin da ba shi da alama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yafe mana namu, mu da muka saura.